Miskin Kawu Modu

Ranar Asabar ɗin da soja suka miƙa mulki ga farar hula, a 1999, mazan gidanmu na Yakasai suna zaure sun kewaye rediyo, mu kuwa muna tsakar gida muna taya Kaka haɗa humra. Kaka 'yar Barno ce ta asali, kuma a wurinta duk wani farin abu mai ƙyalli da ya kwana a gidan nan kayan turarenta ne. Ina fifita gawayi, ƙanwata tana wanke turmi, sai ga Kawu Modu ya fito ko takalmi babu, riƙe da kwalba wayam, idonsa ya yi ja.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, yana karatun sinadarai a jami'a. Wata da watanni ya yi yana renon wasu 'yan ƙwayoyi farare kamar gishiri, a kansu digirinsa ya rataya, ga shi saura ƙiris ya kai su gaban malamansa. Ya ajiye su a gindin randa don sanyi. Kaka ta gani, ta ce ashe miski yaron nan yake ɓoye mata, ta juye su cikin tasar nata miskin, turmi kawai take jira a daka. Da ya yi mata bayani ko gezau ba ta yi ba. "To, kira su mana su fito, tunda kai ka haife su," in ji ta.

Ya kuwa kira su. Ya shigar da mu ɗaki da tasar, ya rufe ƙofa da taga, ya kunna wata 'yar fitila mai shuɗin haske. Miskin Kaka ya yi lamo, nasa kuwa suka ɗauki haske ɗaya bayan ɗaya kamar idon kyanwa a duhu. Muka duƙufa muna tsamo su da tsinken tsintsiya har ya ce sun cika. Ya mayar da su kwalba, ya tsoma gindinta a ruwan randa, haskensu ya ƙaru. Ya tsoma a ruwan zafi, ya dusashe. Ya ce da irin wannan hasken za a riƙa gane zafin abu daga nesa. Kaka ta taɓe baki, ta ɗora bayan hannunta a goshinsa. "Kai dai naka zafin ya sauka," ta ce. Daɗi ya kama ni har gawayina ya mutu ban sani ba.

Kawu ya ci jarrabawarsa, ko da yake ya ce malaman sun yi ta waige suna neman inda ƙamshi ke fitowa. Yau shi ma ya yi furfura, a asibiti kuma na'ura ake nuna wa goshin mutum daga nesa ta faɗi zafinsa. Ta fi Kaka daidai, ban musa ba. Amma duk ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, bayan hannun nan mai ƙamshin humra nake nema.