Goyon Ƙafar Inji Daga Shinkafi Zuwa Zurmi

Damina ta biyu bayan canjin kuɗi, watan da gero ya nuna, na yi tafiyar ga. Injin jirginmu na ruwa kuwa ya girmi wannan nesa, don marigayi maigidana Nomau ya sawo shi tun ina goyon autana Sahabi, wanda yau shi ke tuƙi.

Farfela ta daki kututture ta karye. Gonakin garinmu duk suna ƙetaren gulbi, ruwa ya cika baki da baki, tsuntsaye sun faɗa wa gero. Sau biyu Sahabi na sawo sabuwa. Ta farko ta ƙi shiga, ta biyu ta shiga amma tana kartar bakin salansa, inda hayaƙi ke fita. Ya ce a sayar wa 'yan gwangwan da injin. Na ce, "Kai, ana ɗinka wa mutum riga ba ya nan? Kwance min ƙafar injin, ni zan kai ta a nemo daidai da ita."

Talata: Shinkafi zuwa Ƙaura

Ana kiran assalatu na naɗe ƙafar, wato ƙarfen ƙasa da farfela ke zama, da zane na goya, mai babur ya kai ni Shinkafi, na shiga motar Ƙaura. Direba ya ce bakwai da kwata munka tashi. Bayan Jangeru sojoji sunka tsai da mu. Ɗaya ya ga ƙarfe ya leƙo ta kafaɗata, sai ya ja da baya.

"Inna, mi kika goyo?"

"Ƙanen ubanka ne, ba shi da lafiya."

Ya sa na kwance, ya jujjuya ta, ya kira ɗan'uwansa suna ta dariya. "Allah ba shi lafiya, Inna. Ku wuce."

Sha ɗaya saura muna Ƙaura. Anka nuna min wani tsohon makanike, Malam Buhari, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Kallo ɗaya ya yi mata ya riƙe baki.

"Irin wagga tana nan duniya? Gwaggo, duba. Ta yanzu, hayaƙi ta tsakiyar farfela yake fita, kuma haƙora ke riƙe ta. Taki ƙusa ɗaya ke riƙe ta, hayaƙi ta sama. Ko Kano kika je ba ki samu a shago."

"To in koma in ce wa tsuntsaye su ci da kyau?"

Sai ya ce akwai wani masunci a Zurmi da ya taɓa kawo mai irinta, ya rasu, amma matarsa Asabe na nan. Na kwana gidan ɗiyar ƙanwata, na ci tuwon dawa da miyar kuka, ƙafar inji na jingine kusa da kaina.

Laraba: Zurmi

Takwas munka tashi, ta Birnin Tsaba, kafin goma mun isa. Asabe ta ba ni fura, ta ce injin an sayar tun tuni. Ina shirin tashi sai ga maƙwabciya ta yi sallama: "Asabe, gugana ya faɗa rijiya, ara min abin nan." Asabe ta ɗauko igiya, ga farfela ɗaure a bakinta! Da ita unguwa duka ke ciro guga.

Na yi guɗa. Na kwance goyo nan tsakar gida, na zura ta. Ta zauna daram. Na juya ta da hannu sau uku, ba ta taɓa salansa ba, yatsana ma ya shiga tsakani.

"Ba ta sayarwa ba ce, Yaya," in ji Asabe. "Da mi za mu ciro guga?"

Na ja ta har maƙera, na sa anka ƙera mata ƙugiya mai baki huɗu. Sai da ta ciro gugan nan da ita a gabana kana ta sakar min. Na kuma sa maƙerin ya yanko min ƙusoshin tagulla uku.

Alhamis: gida

La'asar na sauka bakin gulbi, rabin gari na jira. Sahabi ya zaro ƙusar kafinta zai sa, na buge hannunsa.

"Da irinta ka karya waccan! Ubanka tagulla yake sawa, don in an daki itace ita ta karye, farfela ta tsira."

Ya sa ta tagulla, ya kama igiyar inji: ja ɗaya, ja biyu, na uku ya ɗauka. Hayaƙi ya bi hanyarsa, ruwa ya tafasa bayan jirgi. Ni na fara shiga, na zauna gaba. Kafin magariba mun ƙetaro da dami goma sha biyu, kwana shida anka yi ana jigila har gero ya ƙare.

Na gode Allah, na gode Malam Buhari da Asabe. Cikin waɗanda sunka tarbi injin nan ranar da Nomau ya kawo shi, saura mu uku: ni, da Liman Audu da ido ya tafi, da Ige mai daddawa, wadda ta rantse a ranar ba ta shiga jirgi mai hayaƙi. Geronta ne munka fara ɗaukowa.