Baba Gargare, Mai Duba Igiyar da Ba a Sa Shi Ba

Kafin a tayar da injin kwaɓa siminti, Baba Gargare ya riga ya iso wurin ginin. Ba ya cikin ma'aikata yanzu, mai gadi ne yake kau da kai ya bar shi ya shige. Sai ya kama igiyar da ake jan bokitin kankare da ita zuwa saman bene, ya bi ta da tafin hannu daga wannan baki zuwa wancan, yana laluben inda ta fara ci. Ya ɗiga baƙin mai a jikin ƙarfen da igiyar ke bi, ya goge hannu a wando, ya fita. Ko sannu ba mai ce masa.

Lebura ne tun gashinsa yana baƙi. Kwanon kankare a ka, jiƙaƙƙen katako a ƙarƙashin ƙafa, a hau a sauko har rana ta faɗi. Wuyansa ya sandare, in an kira shi sai ya juyo da jiki gaba ɗaya. Ranar da ƙaninsa ya zame daga katakon ya karya ƙugu, Baba ya koma gida ya kwance ƙarfen tayar tsohon kekensa, gargaren nan da yara ke garawa. Mai walda ya kafa masa shi a kan ƙarfe, suka ɗaure a saman bene, suka zura igiya. Kankare ya riƙa hawa, mutane suna ƙasa. Birkiloli sun shaida, aikin yini guda ya koma na hantsi. Daga nan sunan ya bi shi.

Kuskurensa ɗaya, da murnarsa ya janyo ɗan kwangila ya nuna masa.

"Madalla, Baba," in ji ɗan kwangila. "Ashe mutum kaɗan ma sun isa wannan aiki."

Kafin mako ya zagayo an sallami rabin leburori. Abin da aka yi don a ceci wuyan talaka, da shi aka raba talaka da abincinsa. Wannan ba ci gaba ba ne, rashin kunya ne, kuma dole a faɗa. Da Baba ya yi magana, sai aka tuna ƙarfinsa ya ƙare, shi ma aka sallame shi. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta.

Abin da ya fi ci masa rai, 'yan'uwansa leburori shi suka ɗora wa laifi. Dogo, wanda aka sallami yayansa, ya tare shi a bakin ƙofa ya ce, "Kai ka ja mana, Baba. Wa ya aike ka?" Tun ranar bai sake gaishe shi ba.

Duk da haka Baba bai fasa zuwa ba, don ya san masu ginin ba sa sauya igiya sai ta tsinke. Makon jiya hannunsa ya tsaya a wani wuri da ya lalace daga ciki. Ya gaya wa shugaban leburori, aka ce masa za ta kai yamma. Baba ya zaro wuƙa ya datse ta gida biyu.

"Tsohon nan ka haukace ne? Ka tsayar mana da aiki!" in ji shugaban leburori.

"Na tsayar. Sayo sabuwa."

Dogo ne mai tsayawa a ƙarƙashin bokiti. Ya ɗauki guntun igiyar ya murɗa, ta wargaje a hannunsa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya durƙusa. "Ina kwana, Baba."

Baba Gargare, kai ne ka sauke kaya daga kan mutane, aka ɗora maka laifin da ba naka ba. Mun gode, Baba, Allah ya saka maka, ya ba ƙaninka lafiya. Masu dabara, ku yi koyi da shi, kada tsoron azzalumai ya hana ku sauƙaƙa wa 'yan'uwanku. Ku kuma masu cika baki da saurin aiki, ku ji kunya. Gobe da sassafe dattijon da kuka kora zai zo ya duba muku igiya.