Ƙishin Tumatir da Ciwon Ƙanena

Ni na yi kuskure, kuma bana na yi shi, da furfura a gemuna.

Muna yara a Dogarawa, lokacin sanyi in an ci tuwo, kakarmu Inna Hajo takan hura wuta da karan dawa, ni da ƙanena Sale mu matso. Hannunta kullum ƙanshin ganyen tumatir yake, don a lambu take wuni. Tatsuniyar da na fi so ita ce ta Tumatir da Tsutsa. Wai Tsutsa ta ciji Tumatir, ya aika a kira boka, boka ya ce ba ya shiga fadama. Sai Tumatir ya dafa maganinsa cikin jikinsa, ya sha, ya miƙe.

"Shi ya sa kahin dashe muke hana mishi ruwa," in ji ta. "In bai ji ƙishi ba, ba shi koyon dahuwa. Kai Sale, ruhe baki kar sauro shi shiga!"

Abin da na riƙe ke nan. Bana tsutsa ta cinye lambun Sale tas. Ya daina fita, ya daina wanka. Matarsa ta zo mini da kuka, na ce kowa ya ƙyale shi ya ji ƙishi, zai miƙe. Har abokansa na hana su shiga. Sai da matar ta tarar da shi zaune bakin rijiyar lambu, ƙafafunsa a ciki, muka kwashe shi sai gidan likita a Konni.

Majo, babban ma'aikacin jinyar da ya duba shi, ya ce ciwo ne, ba ragwanci ba. Ya ambaci serotonin, wani sinadari mai taimaka wa kwanciyar hankali. Ya ce tumatir ma yana haɗa shi daga abincin da ganyensa ke sarrafawa, ya tara shi inda cuta ta taɓa, har cikin 'ya'yansa akwai.

Na ce, "To in sayo kwando ya ci?"

"Na tumatir ba ya kaiwa ƙwaƙwalwa, Malam. Magani zai sha, kuma kada a bar shi shi kaɗai."

A hanyar gida na tuna: irin da Inna ke hana wa ruwa lafiyayye ne, kuma tana tsugune a kansa tana duban ganye. Wanda ya yi yaushi, da gudu take kai masa butar ruwa.

Har yau Sale bai cika magana ba, ban san ko zai koma yadda yake ba. Jiya na zauna gefen tabarmarsa, na ce, "Sale, ni na rufe maka ƙofa. Don Allah ka yafe mini."