Na Yi Ƙwadago A Gonar Ubana

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Abin da zan faɗa ya faru tun zamanin da kuɗin man fetur suka fara ambaliya a ƙasar nan, amma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. A lokacin ni saurayi ne mai jini a jika, ɗan fari a gidanmu da ke Darki ta ƙasar Wudil, ga rawar kai kamar me. Na samu aiki a wani kamfanin ƙera kwanuka a Kano, muna yin langa da fanteka irin waɗanda ake jera wa amare. Ni ke tsaye bakin tanderun da ake gasa fenti. Zafi kam akwai shi, amma in wata ya ƙare na sauka a tashar Wudil da agogo a hannu da wando mai faɗin ƙafa, taku nake yi kamar ni na gina gadar garin.

A gidanmu gandu muke yi, Baba da ni da ƙannena maza biyu, gonarmu ɗaya, rumbunmu ɗaya. Da na ga kamfani na neman ƙarin ma'aikata, sai na dinga hure wa yaran nan kunne cewa an daina yayin fartanya. Baba ya kira ni zaure ya ce in bar masa ko da ɗaya, don ƙarfinsa ya tafi. Na ce ya kwantar da hankalinsa, albashin mutum uku zai sayi hatsin da ya fi na rumbunsa. Haka na kwashe su duka biyun zuwa kamfanin. Da bazara ta yi ya ga ba mai taya shi, sai ya ba wani maƙwabcinmu aron gonar.

Ana cikin haka muka ji a rediyon mai shayi cewa gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da wasu ƙasashe, za a sassauta kuɗin fito a kan kayansu. Wallahi har tafi muka yi! Mu murnarmu keke da rediyo za su yi araha. Ko ɗayanmu bai kawo a ransa cewa a cikin kayan har da kwanuka ba. Ba a daɗe ba suka cika kasuwa, ga ƙyalli, ga zanen furanni, ga araha. 'Yan kasuwa suka daina zuwa sari, namu suka taru har rufin sito, mu kuwa ko a jikinmu tunda albashi na zuwa.

Wata safiya a tsakiyar damina muka iso muka tarar da injuna shiru. Tun da na fara aiki ban taɓa ganin tanderun nan babu wuta ba. Na sa hannu na taɓa shi na ji sanyi ƙalau. Manaja ya tara mu ya ce an daina ƙira daga yau. Muna tsaye baki buɗe sai ga manyan motoci suna shigowa, shaƙe da kwalayen kwanukan waje. Ashe mai kamfanin ba karyewa ya yi ba, ya gano sayo su ya fi masa riba, shi ne ya mai da wurin ɗakin ajiya. Manajan ya ce mai son dako ya tsaya ya sauke kaya. Ƙaramin ƙanena ya juyo yana tambayata yanzu ina muka nufa.

Muka tattaro muka dawo Darki, ina ba kaina haƙuri cewa ai gona na nan. Na je wa Baba da maganar a karɓo ta. Ya dube ni kamar bai san ni ba, ya tambaye ni ko birni ya mantar da ni cewa ba a karɓar gonar aro sai wanda ya shuka ya girbe. Mutumin ya zuba takinsa, gero har ya wuce gwiwa. Lokacin shuka ya wuce, rumbu wayam, don mun riga mun koya wa gidan awo. Da tuwo ya fara gagara, maƙwabcin ya ji tausayinmu ya ce mu zo mu yi masa maimai, wato noma na biyu, ya biya mu. Haka muka sunkuya, ni da ƙannena, muna ƙwadago a gonar ubanmu. Baba yakan zo ya tsaya a kan iyaka, ya kalle mu, ya juya ya tafi. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ban ce aikin kamfani laifi ba ne, kuma na san arziki na Allah ne. Amma na gane cewa waɗanda ba su ma san da kai a duniya ba za su iya sa hannu a takarda a wata ƙasa, a kasa ɗora tukunya a gidanku. Matasa, kada ku saki reshe ku kama ganye kamar yadda na yi. In aiki ya yi muku daɗi, ku bar wani a gona, in kuma kun ji kayan waje za su yi araha, ku fara duba abin da hannunku ke ƙerawa. Gonar dai ta dawo mana da kaka, amma har Baba ya koma ga Allah bai sake neman shawarata a kan komai ba.