Tawul a Kan Allon Kwamfuta

Matar yayana ta yi aikinta duka a ofishin waya, zamanin da sai an bi ta hannun mutum kafin a samu wanda ake nema. Takan zauna gaban wani katako mai ramuka, abin ji a kunne, ta zare igiya nan ta soka can. Daga nan sunan Mama Halo ya bi ta, har jikokinta ba su san wani ba. Ni kuwa Akawu take ce mini, don aikin ofis na kama da na gama makarantar mishan.

Ta dalilin yayana kwamfuta ta shigo gidan. Da ya rasa ganinsa, 'yarsu ta sa masa wata manhaja mai karanta abin da ke kan allo da murya. Kyauta ce. Mutane ne a ƙasashe dabam-dabam suke haɗa hannu suna gyara ta, kowa da abin da ya iya. Bayan rasuwarsa Mama Halo ta shiga cikinsu. Ba ta san ƙera manhaja ba. Bayanin yadda ake amfani da ita take rubutawa da Hausa, ta aika, a duba, a sa.

Ana nan sai likita ya ce ita ma tana da hawan jinin ido, kuma ya yi nisa. Shafi guda ya rage mata, shi ne kuma mafi wuya: yadda wanda ba ya gani zai sa manhajar a sabuwar kwamfuta ba tare da ya roƙi kowa ba. Ta ce sai ta gama shi da sauran idonta.

Tana da ƙa'ida. Ba ta aika shafi sai wani ya bi shi a gabanta, kuma wanin nan kullum ni ne. Kwamfutar tana kan tsohon teburin keken ɗinki, kusa da taga. Sai ta lulluɓe allon da tawul, ta karanta mini abin da ta rubuta kalma da kalma, ba ƙari. Abin yakan tuna mini da malaminmu na mishan, wanda ya sa muka rubuta yadda ake ɗaure igiyar takalmi, sannan ya bi rubutun kowa a gaban aji. Takalmi kaɗan ne suka ɗauru ranar.

Rannan da hantsi muka fara, komai lafiya, har ta karanta: "Ka jira ta gama, sannan ka danna babban maɓalli na dama." Na naɗe hannu.

"Akawu, barci kake yi?"

"Kin ce in jira, Yaya. Jira nake."

"Ai ta gama tun ɗazu."

"Ke kika leƙa ta gefen tawul. Ni wa ya gaya mini?"

Sai ta ce, "Dama yayanka ya ce taurin kanka zai yi amfani wata rana."

Matsalar ta wuce rubutu, don manhajar ba ta fara magana sai an danna maɓallin nan, kafinsa kuwa tsit take. Mama Halo ta rubuta wa masu ƙera ta, ta bayyana musu inda na tsaya. Wani ya amsa cewa zai sa ƙarar da za ta nuna an gama a wurin idan ya samu sarari, don shi ma aikin sa kai yake yi bayan ya tashi daga nasa ofis. Na ba ta shawara ta rubuta "ka jira ɗan lokaci" ta huta. Ta ce ɗan lokacin wa, nawa ko na kwamfutar?

Watanni suka shige. Haruffan allonta suka yi ta girma, har kalma guda ta kusa cike shi. Ba ta taɓa yin ƙorafi a gabana ba, sai dai kullum na shigo takan ce, "Duba mini ko sun amsa." Ranar da aka sa ƙarar, hancinta kusan a kan allo ta rubuta layin ƙarshe. Na bi shafin, allon yana ƙarƙashin tawul, har muryar ta gaishe ni, ta aika.

Bara ganinta ya ɗauke gaba ɗaya, tsohuwar kwamfutar ma ta lalace. Da 'yarta ta kawo sabuwa, ta kore mu zuwa baranda, ta sa wayarta ta karanta mata shafin. Muna zaune muka ji ƙarar, muka ji ta danna, muryar ta fara magana.

"Akawu, wani ya taɓa mini shafi," in ji ta da na shiga. "Ya raba mataki guda gida biyu."

"Ranki ya ɓaci?"

"Nasa ya fi nawa. Jawo kujera, akwai wuri ɗaya da har yanzu bai yi mini ba."