Yadda Baba Ya Gwada Mota da Ƙwaryar Ruwa

Shekarun baya can, tun Nasara na mulki, lokacin da in mota ta shigo Dakoro har tsofaffi sai sun leƙo, gidanmu ya tashi sayen mota. Abin da ya tuno mini da zancen, jikana ne ya zo kwanan nan yana ta nuna mini hotunan kat-kat, motocin nan masu ja da ƙafa huɗu, cikin wayarsa, wai in taya shi zaɓen wadda za ta ɗauki iyalinsa, mai ƙwari kuma marar shan mai. Na ce mishi ya sami wuri ya zauna, ni ma na taɓa shiga wannan ruɗu, kuma da jiƙaƙƙen wando na fito.

Mahaifina falke ne. Gero yake kaiwa arewa wajen makiyaya bisa raƙuma, ya komo da fatu da man shanu. Mutum ne marar yawan magana, in ya ce maka "to", sai ka koma gida ka yi ta juya ta, ka ga ko ta yarda ce ko ta ƙi. Ni da wana muke yi mishi aiki. Wana shi ne mai baki da sanin ciniki, ni kuwa nawa ɗaukar buhu da cewa "haka ne".

A lokacin ban daɗe da aure ba. Matata ta sami ciki, da ya tsufa aka shirya kai ta gidan iyayenta, wani ƙauye gaba da Ɗan Gulbi, don ta haihu can kamar yadda ake yi ma haihuwar fari. Aka ɗora ta bisa jakin Baba, wani ƙaton farin jaki da yake ji da shi ƙwarai. A hanya jakin ya firgita ya kada ta. Yaron ya zo kafin lokacinsa, bai wuni a duniya ba. Ita ma da ƙyar aka same ta.

Ku yaran yanzu ba za ku gane irin kunyar wancan zamani ba. Ɗa ba ya buɗe baki gaban ubansa ya ambaci cikin matarsa, balle cikin fari. Uba ma ba ya tambaya. Ranar da labarin ya iso, abin da Baba ya ce kawai, yana duban bango, "Allah shi ba da rayayye." Daga nan bai sake tada zancen ba. Ni kuwa a raina na ɗauka abin bai dame shi ba, kuma gaskiya na ji zafin haka.

Da shekara ta kewayo, Allah ya sake ba ta wani cikin. Murna na yi, amma tsoron ya fi murnar yawa. Hanyar dai ita ce, rairayin shi ne, kuma ba yadda za a yi a ce ba za ta je gida ba, iyayenta sai su ce mun raina su. Duk sa'ad da na ga jaki sai gabana ya faɗi.

Ana cikin haka wani Nasara mai ginin rijiyoyin siminti ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu, ya sa motocinsa biyu a kasuwa. Dama Baba ya daɗe yana ɗan jefa zancen mota, wai raƙuma sun fara yi mishi nawa. Duka biyun masu ja da ƙafa huɗu ne, don a ƙasarmu motar da ba ta ja da ƙafafun gaba ado ce kawai, tudun rairayi na farko za ta zauna ta jira a zo da maza. Ɗaya babba ce, ragowar motocin soja, mai faɗin baya. Ɗayar ƙarama, mai rumfar tanti, fentinta duk ya koɗe, in ka gan ta sai ka ce tausayi take nema.

Ina da aboki, tsohon soja, can ya koyi tuƙi, shi ne kuma shofer, wato direban Nasaran. Baba ya kira shi ya ce ya faɗi gaskiyar kowace, tunda shi za mu ɗauka in an saya.

"Baba, babbar ba ta san gajiya ba," in ji shi. "Ko mi ka ɗora mata tana ɗauka. Amma tana shan esansi, man mota ke nan, kuma kun san sai daga Maraɗi aka kawo shi cikin ganga. Ƙaramar kaɗan ya ishe ta, in ta lalace kuma ni kaina ina gyara ta ƙarƙashin icce. Sai dai kayanta ba yawa."

Wana bai bari ya rufe baki ba. Ya ce ai zance ya ƙare, babbar za a saya. Tafiya guda za ta kwashe abin da ayarin raƙuma ke ɗauka, man da ta sha kuwa ita za ta biya abinta. Kuma ba ƙarya ya yi ba, ko yau ka ba ni lissafin nan shi ke da gaskiya.

Ni damuwata daban. Na taɓa shiga babbar nan sau ɗaya, na san yadda take jijjiga mutum har haƙora su haɗu. Na ja abokina gefe na tambaye shi wadda ta fi taushin tafiya. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce ƙaramar, in an zauna gidan gaba, an rage iskar taya, an tafi sannu. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

To amma ta yaya zan kai wannan magana gaban Baba? Duk zaman da aka yi a zaure, sai in ce, "Man nan hwa da tsada." Wana ya ce, "Mun ji, an ba ka amsa." Gobe in sake cewa man nan da tsada. Har ya fara ce mini sarkin tattali, wai tun yaushe na san ciwon dukiya, ni da ko kuɗin goro ba na iya riƙewa. Baba yana zaune yana jan tasbaha, ko ɗaga kai bai yi ba.

Da na ga abin zai kuɓuce, na tafi ɗakin mahaifiyata. Na zauna bakin ƙofa ina ta kame-kame, na yi zancen zafi, na yi zancen awaki, sannan na ce, "Inna, motar nan babba, tana da girgiza." Ta dube ni sama da ƙasa.

"Sai mi? Kai ƙwai ne da za ka hwashe?"

"A'a, na ce dai ko da wani wanda..."

"Tashi ka ba ni wuri, marar kunya," in ji ta, ta ci gaba da kaɗinta. Na fito ina jin kamar in nutse.

Ranar da za a yanke magana, Baba ya ce ba ya sayen dabba bai ga tafiyarta ba, mota ma haka. Bayan azahar aka kawo su duka biyu ƙofar gida, mutanen unguwa suka taru. Sai ga shi ya fito daga cikin gida riƙe da ƙwarya, ya sa aka cika ta da ruwa har baki. Ya miƙo mini.

"Riƙe. Shiga ka zamna. Kak ka bari ya zube."

Wana ya ce, "Baba, wannan kuma na mine ne?"

"Bayana ka ciwo," in ji Baba. "Ina so in ga wadda tsoho ka iya shiga."

Aka fara da babbar. Baba ya ce ma abokina ya bi hanyar Kornaka, inda ta fi muni, ya juyo. Ni dai na rungume ƙwarya bisa cinya. Ba mu bar gari ba rabin ruwan ya koma cikin wandona. Da muka hau wurin da shanu suka tattake ya bushe, sauran ya tashi ya wanke mini fuska. Muka komo ƙofar gida, na sauko ina ɗiga, ƙwarya ba ko na kurɓa. Jama'a suka kwashe da dariya, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ashe har yanzu ban daina ba. Walle na ji haushin Baba ran nan. Ga abin da ke cin raina, ga shi ya mai da ni abin wasa gaban unguwa.

Aka sake cika ƙwarya, muka shiga ƙaramar. Abokina ya duƙa ya rage iskar tayoyin, ya ja ta sannu. Ruwan ya yi ta rawa, ya ɗan fantsala bisa hannuna, amma da muka komo yana nan, bai ragu da abin da ya wuce kurɓi biyu ba. Baba ya karɓi ƙwaryar, ya duba cikinta ya daɗe, sannan ya ce, "Wagga za a saya."

Wana ya yi magana har muryarsa ta dushe. Ya ce za mu yi asara, ya ce raƙuman da aka ce sun yi nawa ai ba za mu rabu da su ba ke nan. Baba ya ce, "To." Sai da wana ya yi kwanaki ba ya cin tuwo tare da ni, don a ganinsa surutuna na mai ne ya ɓata ciniki. Ni kuwa na ɗauka sa'a ce kawai, Allah ya dube ni ya sa ma tsoho ciwon baya a daidai lokaci.

Da ranar tafiya ta zo, Baba tun da safe ya fice kasuwa. Saƙo kawai ya bari wajen Inna, wai in bi motar, ko za ta kafe a bukaci mai turi. Aka shimfiɗa ma matata bargo a gidan gaba, ƙanwar Baba ta zauna kusa da ita, ni ina baya tare da ƙullin kaya. Abokina ya yi ta jan mu a hankali, har wani mai raƙumi ya wuce mu yana yi mana sannu. Sau ɗaya muka shiga rairayi mai zurfi, na ji ƙafafun baya sun fara tono. Abokina ya kai hannu ya ja wani ɗan ƙarfe kusa da gwiwarsa, ƙafafun gaba suka kama, ta fita sumul ba ko tangaɗi. Kafin la'asar muna ƙofar gidan surukaina. Ba a yi wata biyu ba aka aiko muna an sami ɗiya mace, uwa da ɗiya lafiya. Ɗiyar nan ce ta haifi wannan mai nuna mini hotuna a waya.

Motar ta yi mana shekaru. Ba ta sa mun yi arziki ba, raƙuma suka ci gaba da ɗaukar gero kamar da. Amma ta kai masu naƙuda da masu ciwo na unguwarmu inda za a taimake su, ba ta taɓa kwana da mu a daji ba, kuma manta bai taɓa gagararmu ba. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, mai ciwon bayan nan bai shige ta ba sai ranar da ciwon ajali ya kama shi. Kullum yana bisa raƙuminsa, a miƙe.

Bayan rasuwarsa, wata rana muna zaune da Inna, na ce mata ashe dai ta kai mishi maganata ran nan da ta kore ni. Ta ce, "Ni? Ban ce mishi komi ba. Kai dai ba ka da lura. Ina hwarin jakinshi?" Ta ce kasuwar farko bayan abin da ya faru ya ja shi da kansa ya sayar, bai ko yi ciniki ba, ya komo ya kwana biyu bai ci abinci ba. Kuma tun daga makon nan ya fara zancen wai raƙuma sun yi nawa.

Na tashi na tafi in ba matata wannan babban labari. Na ishe ta tana tsintar wake, na kwashe duka na faɗa mata. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Sai yau ka sani? Ƙwaryar da ka riƙe ran nan, ta wa ce?"

Na ce ban sani ba, ƙwarya dai.

"Tawa ce, ta cikin jerena. Shi ya aiko Inna ta amso ta, ya ce ita yaka so ba wata ba. Tun sannan na daina jin tsoron hanyar."

Ashe gidan nan kaf ni kaɗai ne ban gane ba, ni da na rungume ƙwaryar har sau biyu.

Na ce ma jikana ya duba shan mai, ya duba ko makanikan garinmu sun san cikinta, ya duba ko tana fita rairayi, duk wannan wajibi ne. Amma kafin ya biya, ya tuna wanda ya fi jin tsoron wani abu ya same shi a cikin gidansa, ya zaɓi motar da wannan zai shiga ya sauka lafiya. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, zai tambayi matarsa kawai. Na yi dariya, na ce ya yi hakan, zamaninsu ya fi namu sauƙin baki.

Ni dai har yau abin da ke tsaya mini a rai, na yi shekaru ina zaune kusa da mutumin nan a zaure ɗaya, ina ganin bai damu ba. Ban taɓa yi mishi godiya ba. Na kuma san da na gane tun yana raye na je na yi, da bango zai duba ya ce mini bayansa ne ke ciwo.