Na Roƙi Ƙafata, Aka Bar Mini Raina

Salama gare ku. Kun daɗe ba ku ji ni ba, har wasu na tambayar 'yata Rahila a asirce ko ina nan. Ina nan, amma ba duka ba.

Ƙaya ce ta soke ni a ƙafa a gonar citta a Nok. Ƙaya kawai. Ciwon ya ƙi warkewa, ya fara wari, yatsu suka yi baƙi. A asibiti a Kafanchan aka auna jinina, aka ce suga ya daɗe yana cina.

Likita ya ce, “Mama, ƙafan nan ya mutu. In ba mu yanke ba, zai tafi da ke.”

Na ƙi. Ni da ke jan rawar zumuntar mata ranar godiya? Matanmu suka zo da man zaitun, suka kewaye gado, muka yi ta addu'ar nan ta Littafi Mai Tsarki: Ubangiji, ka cece ni. Shugabarmu ta ce, “Kada ki yarda, Allahnmu ba ya rabin aiki.” A wurina ceto shi ne in taka da ƙafa biyu in ba da shaida a gaban ikilisiya.

Kullum a wanke ciwo, a yi allura, a ƙara ruwa. Muka sayar har da cittar iri. Baƙin na ta hawa.

Mama Tabita ta gadon kusa da nawa, ciwonmu ɗaya, addu'armu ɗaya, ita ma ta ƙi wuƙa. Wata safiya aka ja mata zane har ka.

Rahila ta durƙusa tana kuka. “Mama, Yesu ya mutu don ke ne ko don ƙafa? Ni uwa nake so.”

Na yarda. Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Ciwon ya warke, ina koyon sanda, amma har yau ina kuka. Ban gama gane ceto ba. Na dai san ba a ba ni abin da na roƙa ba, kuma ba a yashe ni ba.

Na gode wa Allah, da ma'aikatan jinya, da matan zumunta da ba su fasa kawo mini gwate ba.

Ku auna suga. Ciwo ya ƙi warkewa, ku je asibiti da wuri. Ku yi addu'a sosai, amma in likita ya ce a yanke, kada ku tsaya a bakin gado kuna auna bangaskiyar mara lafiya. Tsoron da yake ji ya ishe shi.